Shawarwarin da Aka Tattara kan Taƙaita Mallakar Bindiga a Amurka

Mahalarta wata tattaunawa kan wannan batu sun ba da shawarar a daina ɓata ƙarfi wajen neman soke Gyara na Biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wato sashen da ya ba jama'a haƙƙin mallakar makami, tunda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa mutum yana da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa. Gara a matsa wa majalisun jihohi lamba su tilasta binciken tarihin mai saye da kulle makami inda yaro ba zai kai ba, shawarar da nake ganin ta fi kowace nauyi, domin fiye da rabin waɗanda bindiga ke halakawa a ƙasar kansu suke kashewa. Sun kuma nemi a jawo mafarauta da tsofaffin sojoji a jiki, kamar yadda haɗin kan jam'iyyu biyu ya haifar da dokar tsaurara sharuɗɗan mallakar bindiga ta 2022 bayan kisan yara 19 a wata makarantar firamare a garin Uvalde na jihar Texas.