Abin da aka ce kan bushewar baki

'Yan uwa, ga abin da na tsamo daga maganganunku kan amfanin yawu da yadda za a magance bushewar baki:

1. Kowa ya yarda yawu ba abin rainawa ba ne. Tun a baki yake fara narkar da abinci: daɗe kana tauna burodin Agege, za ka ji zaƙi ya fito. Yana wanke haƙora kuma, ƙarancinsa kan kawo ruɓewar haƙori da warin baki.
2. 'Yan dakon kasuwar Mile 12 ta Legas su riƙa kurɓar ruwa, kada su jira ƙishi.
3. An rabu kan goro. Wasu sun ce yana kawo yawu, wasu sun fifita cingam marar sukari. Ni ina bayan na biyun.
4. In bushewar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a je gwajin ciwon sukari. Wasu magunguna ma na jawo ta.