"Ɗan kama mini nan": yaya zan yi da masu kawo gyara ba sa biya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ko da yake na san wasu za su ce abin bai kai a kawo shi gaban jama'a ba. Ni tela ne a cikin birnin Kano. Shekara shida ke nan da maigidana ya yaye ni, na kama shago a unguwar da aka haife ni, inda duk wanda ya gifta ta ƙofar shagon ya san mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Masu kawo ɗinki ba su dame ni ba. Mutum ya sayo shaddarsa a Kantin Kwari, a yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, ranar karɓa ya cika. Masu gyara ne suka ishe ni. "Ɗan kama mini nan." "Ɗan sa mini maɓalli." "Ɗan rage mini ƙafar wandon nan." Na lura duk aikin da aka sa wa "ɗan" a gaba, to babu kuɗi a bayansa. Ranar Talata na ƙirga, mutum tara suka kawo gyara, biyu suka biya. Cikin bakwan har da wanda na sa wa sabon zif na kuɗina.

Juma'ar da ta wuce, wajen sha biyu, ina kan kaftanin wani ango, farar shadda, ga wuta an kawo ina sauri in gama in goge. Sai ga wani dattijo, aminin mahaifina, da babbar riga ruwan toka, aljihu ya farke. Na zare farin zare daga keke, na nemo mai kalar rigarsa, na naɗa a kwarkwaro, na ɗinke, na goge masa wurin. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka," ya wuce masallaci. Na ce amin, Baba. Kafin in mayar da farin zaren an ɗauke wuta. Ƙaramin janareta ba ya jan dutsen guga, dole na hura gawayi, kuma duk tela ya san fargabar ɗora dutsen gawayi a kan farar shadda.

Ba na son a ce ɗan wane ya zama mai son kuɗi. Amma ga kuɗin haya, ga yara biyu 'yan koyo da nake ba na abinci. Yaya zan yi?

Wani tsohon tela daga Zariya:
Wa alaikumus salam ɗana. Shekarata talatin da ɗoriya a kan keke, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ba kuɗin ne ke cinye ka ba, sauya zaren ne. Gyaran minti biyu idan ya faɗo a tsakiyar ɗinki sai ya ci maka minti ashirin, don sai ka kwance, ka ɗaura, ka sake nemo inda hankalinka ya tsaya. Kana da keke na biyu? In babu, nemi tsohuwar Butterfly ta ƙafa, ko kwance ce, ka ajiye a bakin ƙofa, ka ɗora babban yaronka a kai. Duk wanda ya zo da gyara ka nuna masa yaron. Abu biyu za ka samu. Yaron hannunsa zai faɗa, don a kan faci da kalmasa muka koya dukkanmu. Na biyu, mutanenmu suna jin kunyar yaro fiye da yadda suke jin ta babba. Wanda zai ce maka "Allah ya saka" ya tafi, idan yaro ya miƙo masa wando yana kallonsa, sai ka ga hannu ya shiga aljihu. Abin da aka tara ya zama na abincin yaran, ka huta da wannan.

Dattijon nan kuwa, ka cire shi daga lissafi. Irinsu a unguwa ba su wuce biyar ba. Ka yi musu da hannunka har ranar da za a daina ganinsu.

Wata mai ɗinki a gida, Gombe:
Kai Malam, naka mai sauƙi ne, kana da shago, kana iya rufewa ka tafi. Ni kekena a tsakar gida yake. Maƙwabciya za ta aiko yarinya da zani, "wai in ji Umma ki ɗan haɗa mata baki," kuma yarinyar ba za ta tafi ba, tana tsaye a kaina ina tuƙa tuwo. Dangin miji kuwa ba a magana. Abin da ya raba ni da su kalma ɗaya ce: na daina cewa "bar shi kawai". Da, in aka ce nawa ne, kunya sai ta sa in ce a bar shi. Ashe ni na koya musu. Yanzu tun kafin in karɓi kayan nake cewa, "Ki ce wa Umma ɗari biyu ne." Wata biyu aka yi ana gulmata a gidan suna, daga baya aka saba. Kunyar mara kunya asara ce.

Wani ma'aikacin ofis, Kaduna:
Ni dai dariya nake yi. Yau tela ne ke kukan an ɓata masa lokaci! Shaddata ta Ƙaramar Salla sai bayan Babbar Salla na sa ta, kullum "gobe da yamma". Wataƙila alhakinmu ne ke bin ku.

Mai tambaya:
Yallaɓai, na karɓi laifin 'yan uwana. Amma ka tambayi telanka sau nawa aka tashe shi daga kan shaddar taka don a ɗan kama wani wuri.

Wani mai gyaran waya, Kano:
Abokina, ciwonmu ɗaya. Mu "ɗan duba mini" ake ce mana. Amma ka lura da wani abu, ba duka ne 'yan ƙin biya ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, mutane da yawa suka daina yawo da tsaba. Mutum zai zo ba ko naira ɗari a jikinsa, yana kuma jin nauyin ya ce zai tura maka ɗari biyu ta waya, sai ya ce "zan aiko", shi ke nan an wuce wurin. Ka rubuta lambar asusunka da manyan baƙi ka liƙa, a ƙasa ka jera farashi: maɓalli kaza, zif kaza, rage wando kaza. Takarda ba ta jin kunyar kowa. Kuma ka daina lissafi da farashin da. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin lita na gwamnati bai kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 har dubu ta haura. Wanda ke tayar da janareta bai kamata ya riƙa kyautar da yake yi a 2022 ba.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi:
Mu nan masu yawo da keke a ka su ne ke yin wannan aiki, suna kaɗa almakashi cikin unguwa. Ba wanda ke ce musu Allah ya saka, dala ashirin ko arba'in, wato sefa ɗari ko ɗari biyu, za ka miƙa, don baƙi ne, ba su san ubanka ba. Kai abin da ya kama ka, a gida ka buɗe shago.

Wani malamin Islamiyya, Sakkwato:
Allah ya sa albarka a sana'a. Kada Shaiɗan ya sa ka ga kamar neman haƙƙinka rashin kirki ne. Ya zo a hadisi cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ba a ce sai aikin ya yi yawa ba. Amma abin da na fi jiye maka shi ne wannan: kana yi, kana cewa amin, zuciyarka tana tafasa. Ka ga ba kuɗi, ladan ma ana tababa. Ka zauna ka ware waɗanda ka yafe wa tun kafin su zo, dattawa, marayu, almajirin da rigarsa ta yage, ka yi niyyar sadaka, ka kai ladan ga mahaifinka. Sauran ka faɗa musu kuɗinsu fuska a sake.

Wata uwa, Katsina:
Ɗana, kada ka liƙa takardar nan ido rufe. Unguwa ba kasuwa ba ce. Wanda ka sa wa maɓalli kyauta yau, shi ne gobe zai kawo maka ɗinkin angwayen ɗansa. Sai dai zif, wannan kam a biya, ai ba a bishiya kake tsinko shi ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana bayan mako guda. Na samo tsohuwar keke a wurin maigidana, ya ce in biya a hankali. Yaron ya hau, jiya kaɗai ya tara abin da ya ishe su shinkafa da wake har da ruwan leda. Takardar ma na liƙa, mutum uku sun turo ta waya, ɗaya ya karanta ya ce ashe yanzu na zama kamfani, ya tafi da wandonsa.

Ɗazu da hantsi Baba ya dawo, wannan karon da hula da jallabiyar jikansa. Ya tsaya a gaban takardar ya daɗe yana kallo, shi ajami yake karantawa, ba ya boko. Ya ce, "Me ka rubuta a nan?" Yaran suka yi tsit suna kallona. Na ce, "Lambar waya ce, Baba." Ya ce madalla, ya miƙo jallabiyar, na zare zaren da ke kan keke.