Bawul na ƙarfe ko na nama? Ƙanwata na jiran aikin zuciya

Yayan Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata shekararta 24, aurenta bai shekara ba, ba ta haihu ba tukuna. Likita ya ce bawul ɗin mitral, ɗaya daga ƙofofin jini na cikin zuciya, ya lalace, asalinsa ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi magani ba. An turo mana bidiyon bayani ta WhatsApp, duk da Turanci. An ce mu zaɓa, na ƙarfe ko na nama. Ku ba mu shawara.

Abu Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Na ƙarfe, ya fi ƙarko. Sharaɗinsa warfarin, maganin hana jini daskarewa, kullum har ƙarshen rayuwa, da gwajin INR mai auna saurin daskarewar jini. Ga mitral ana son ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. In ya sauka, jini ya daskare a bawul. In ya hau, zubar jini.

Sista Binta: Malam Abu, ka duba shekarunta kuwa? Warfarin na iya lahanta ɗan tayi, musamman daga mako na 6 zuwa na 12, sai a koma allurar heparin, ita ma mai hana jini daskarewa, da sa ido sosai. Na nama, na saniya ko na alade, galibi ba ya buƙatar warfarin na dindindin, amma a jikin matashiya yakan gaji da wuri, a sake buɗe ƙirji. Likitan zuciya da likitan mata su zauna da ita da mijinta.

Baban Halidu: Ni kam zaɓin bai dame ni ba kamar sallama. Wata yarinya a unguwarmu, an sa mata na ƙarfe, aka ba ta takarda da Turanci. Haƙori ya kama ta, mai kemis ya haɗa mata diclofenac da Flagyl. Flagyl yana ɗaga INR, diclofenac yana jawo zubar jini a ciki. Baƙin bayan gida, jiri, sai gadon asibiti da ƙarin jini. Ba wanda ya taɓa ce mata kar ta yi ƙaho, ko ta riƙa cin zogale da alayyahu daidai gwargwado ba sama ba ƙasa. Saƙon murya na minti uku da Hausa da ya isa.

Ɗan Gwammaja: Na ƙarfe dai yana "tik-tik", mai gidanta ba sai ya sayi agogo ba.

Abu Sadiƙ: Cibiyar Salam ta aikin zuciya da ke Hartum a Sudan, da aka buɗe a 2007, kyauta take aikin.

Sista Binta: Aikin kyauta, amma jirgi, masauki da gwajin bayan dawowa fa? Ga yaƙin Sudan tun 2023. Kuma na'urar CoaguChek ta gwajin INR a gida da ake cewa ta fi araha, 'yan sandunan gwajinta ne ke cin kuɗi.

Abu Sadiƙ: Ranki ya daɗe, nas ba likitan tiyata ba ce.

Sista Binta: Wa ke duba INR ɗin bayan likitan tiyata ya gama? Yayan Ummi, a fara duba haƙoranta kafin aiki. Bayan aiki, mako 6 zuwa 8 ba ɗaukar bokitin ruwa, ba daka, sai ƙashin ƙirji ya haɗe.

Baban Halidu: Ni tambayata, wa ya ba mai kemis izinin haɗa wa mutum magani biyu ba tare da ya tambaye shi me yake sha ba?