Cajin cire kuɗi fiye da ajiya yana cinye kuɗin biyan bashi, ta ina za a fara?

Mai neman mafita:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mutum ne yake fama da bashi biyu, ga kuma asusunsa da banki ya yarje masa cire fiye da abin da ke ciki. Albashi na shiga sai ya cike ramin, kafin tsakiyar wata an koma ciki, caji kuma na hawa. Wanne zai fara biya, kuma yaya zai tsayar da cajin?

Ma'aikacin banki:
Wa'alaikumus salam Malam. Ya fara karɓo bayanin asusunsa na wata uku, ya ja layi ƙarƙashin kowane caji. Iri uku ne: kuɗin ruwa da ake lissafawa kullum kan abin da ya ci, tarar wuce iyakar da aka amince masa, da tarar biyan da aka mayar don babu kuɗi. Na ukun ya fi ciwo, domin banki zai iya caza, mai bin bashin ma ya ɗora tarar jinkiri.

Galibi matsalar ta kwanan wata ce. Albashi na shiga ranar 28, amma an saita biyan haya ko rance ya fita ranar 25. Kwana ukun nan su ne kafar da ruwa ke shigowa. Ya kira masu karɓar kuɗin su mayar da ranar zuwa 1 ko 2 ga wata, ya kunna saƙon gargaɗi idan ajiya ta yi ƙasa. Ya kuma tambayi bankin ƙarfe nawa ake rufe lissafin rana, domin wasu ba sa caji idan aka cike giɓin kafin lokacin.

Dokoki sun bambanta. A Amurka tun 2010 banki ba ya cajin tarar cire fiye da ajiya kan ATM da sayayyar kati sai mai asusu ya amince, kuma yana iya janye amincewar, amma wannan bai shafi cek da biyan da aka saita ya riƙa fita da kansa ba. A Birtaniya tun Afrilun 2020 an hana tarar rana-rana, sai kuɗin ruwa guda, wanda bankuna da yawa suka sa kusan kashi 40 cikin 100 a shekara.

Malamar lissafi:
Game da wanda za a fara biya, a bar zato, a yi lissafi. Wanda ya ci 1,000 duk wata yana biyan caji 30, to kashi 36 ne a shekara, ya fi yawancin rancen banki tsada. Sai ya biya mafi ƙarancin abin da ya wajaba a sauran basussukan, rarar duka ta tafi cike giɓin asusun. Amma haya, wuta da abinci suna gaba da kowane bashi.

Duk watan da ya rage 100, ya sa banki ya sauke iyakar da 100, in ba haka ba hannu zai koma.

Ma'aikacin banki:
Gaskiya ne Hajiya, sai dai a bar ɗan tazara. Idan aka matse iyaka sosai, biya ɗaya ya zo ba zato, an faɗa tarar wuce iyaka. Hanya mafi tsafta ita ce ya nemi a mayar da abin rance mai wa'adi, misali wata 12, a rufe damar cirewar gaba ɗaya. Ya rubuta kuɗin shigarsa da na fita a takarda ɗaya, ya nemi sashen masu matsalar biya, ya roƙi a dakatar da caji ko a mayar da na watan jiya. Duk abin da aka amince a ba shi a rubuce.

Idan zai mayar da albashi wani asusu, ya zama a wani bankin daban, domin yarjejeniya kan ba banki ikon ɗiba daga wani asusunsa ya biya kansa. Kuma kada ya yi watsi da tsohon asusun: kuɗin ruwa bai tsaya ba, kuma banki na iya neman kuɗinsa duka a kowane lokaci.