Masu lasisin otomatik da suka koma tuƙin babbar mota a Ingila, ku zo ku ba mu labari

Baban Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata huɗu a Bamingham. Da na zo lasisina na Najeriya wata 12 kawai ya yi min aiki kamar yadda dokarsu take, kuma ba a musanya shi, dole ka sake daga farko, ni kuma a lokacin sauri nake in samu abin kai yara makaranta sai na yi gwajin da mota otomatik. To yanzu ga lamba 78 nan a bayan katin, wato alamar otomatik kawai aka yarda in tuƙa. Aikin dare nake a sito, kullum ni ke loda wa direbobin tirela kaya, ina ganin su suna zaune a gidan gaba da shayinsu ni kuwa bayana ya fara ciwo, shi ne na ce bari in nemi lasisin babbar mota. Wani ya ce min wai da 78 ba za su ma karɓi takarduna ba. Don Allah wanda ya bi ta wannan hanyar da kansa ya faɗa mana, ba jita-jita ba.

Direban M6:
Wa alaikumus salam. Wanda ya faɗa maka haka bai sani ba. Ni da 78 ɗina na yi komai. Fom biyu ne, D2 da kai za ka cike, D4 kuma likita ne zai cike bayan ya duba ka har da ido, ka tura wa DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi, a Swansea, su dawo maka da lasisin koyo. Sai jarrabawar kwamfuta, tambaya 100 ana son ka ci 85, sai ta bidiyon hango haɗari, sai ta CPC, wato shaidar ƙwarewa ta mai tuƙin babbar mota a matsayin sana'a. Ni kai tsaye na tafi C+E wato tirela, don tun Nuwamban 2021, bayan ƙarancin direbobin nan da har aka yi layin mai, suka cire sharaɗin sai ka fara yin C, wato babbar mota marar tirela. Motar makarantar otomatik ce, da na ci sai 78 ɗin ta biyo ni ta zauna a gaban C da CE. Iyakar abin da ya faru kenan. Shekara biyu ina ɗaukar kayan manyan kantuna, Volvo ne da Scania da DAF, duk babu kuloci a cikinsu, ban taɓa rasa aiki saboda ita ba.

Kawu Mai Daf:
Ɗana Baban Hanifa, abin da ya faɗa gaskiya ne amma ka saurari nawa. Ni shekara 14 na yi ina jan DAF tsakanin Kano da Legas kafin in zo ƙasar nan, ƙafata ta hagu ta san kuloci tun ina yaron mota, don haka da na zo da giyar hannu na yi gwajin ƙaramar mota. Ribar da na ci ita ce, tun 2014 dokarsu ta ce in lasisinka na ƙaramar mota na giyar hannu ne, ko da otomatik ka ci gwajin babbar za a ba ka cikakke, ba 78. Ka ga kenan gyaran tun daga ƙasa ake yin sa.

Na ga abin da idona. Wata asuba ejensi ta turo wani yaro ɗan Katsina yadin da nake aiki a lokacin, sanyi kamar ya tsaga kunne, ya zo da fulas ɗinsa da rigarsa mai ƙyalli sabuwa fil. Motar da ta rage ranar tsohuwar tifa ce mai giyar hannu. Manajan ya karɓi katinsa ya juya baya, ya sa yatsa a kan 78, ya miƙa masa, ya ce ya yi haƙuri. Yaron nan bas biyu ya hau kafin ya iso, haka ya koma ba ko fam ɗaya. Sabon direba ba shi ke zaɓen aiki ba, abin da aka samu shi ake ba ka, kuma tsofaffin motoci a ƙananan kamfanoni suke, su ne kuma suka fi yarda su ɗauki wanda bai da gogewa. Ni dai in ɗan cikina ne zan ce ya cire ta tukuna.

Maman Iman:
Kawu ya yi gaskiya, ni haka na yi kuma bai kai wahalar da nake tsoro ba. Ba sai ka sake jarrabawar kwamfuta ta ƙaramar mota ba, gwajin kan titi kawai za ka sake, lasisinka na otomatik shi ne na koyonka, ka dai liƙa alamar L ta masu koyo. Tunda ka riga ka san titi da shataletale da madubi, ƙafa da hannu ne kawai za su koya. Abin da ya ba ni wuya tashi a kan hawa, mota ta yi ta mace min, sai da malamar ta kai ni wani layi mai gangara muka yi awa guda ba abin da muke sai tashi da tsayawa har na fara jin inda kuloci ke kamawa. Jiran ranar gwajin ne ya ci min watanni. Yanzu C nake ja, ina raba kaya cikin gari, ina dawowa gida kafin magariba.

Abu Sadik:
Ni nawa a wajen likita ya tsaya, ku yi hattara da wannan. Na tashi daga aikin dare ban runtsa ba, na sha kofi biyu na wuce a cike min D4, yana ɗaura min abin awo jinina ya haura 180, su kuma ƙa'idarsu ga manyan motoci kada ya riƙa kai 180 a sama ko 100 a ƙasa. Ashe hawan jini gare ni ban sani ba. Sai da na je wajen likitana aka ɗora ni a magani, ya sauka, sannan na koma. Alhamdulillahi da aka gano. Ka fara auna kanka kafin ka biya wa makaranta ko kwabo.

Ɗan Zangon Kumasi:
Yaya Baban Hanifa, maganar giya fa ita ce ƙarama a cikin abin. Ni ma 78 gare ni har gobe. Abin da ya kayar da ni karon farko ribas ne, tirela in ka juya sitiyari dama gindinta hagu yake tafiya, ka ɗan makara kaɗan ta naɗe maka, ga mazugan roba an jera ga layi an shata, na taɓa ɗaya shikenan. Karo na biyu na wuce ribas, a kan titi kuma tayar baya ta hau dakalin gefe a wani ƙaramin shataletale, don na shiga da ita kamar ina cikin Corolla ta. Sai a na uku Allah ya yi. Kuma kowane faɗuwa kuɗin hayar motar makaranta ne sabo, nan ne aljihu ke kuka, don haka in kana da 'yan kuɗi ƙayyadaddu ka yi lissafi da kyau kafin ka raba su gida biyu. Daɗin aikin a wajena takogiraf, na'urar da ke ƙirga awannin tuƙi, bayan awa huɗu da rabi na tuƙi dole ka huta minti 45, a nan nake shimfiɗa dardumata gefen mota in yi azahar ba mai ce min komai.

Direban M6:
Ɗan Zango ka tuna min, tsayin mota ma. Ka rubuta shi a gabanka kullum, gadojin jirgin ƙasan nan ba sa wasa.

Baban Hanifa:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi na samu natsuwa. Abu Sadik gobe in sha Allahu zan biya kemis a auna ni. Na yanke zan tura D2 da D4 yanzu in fara karatun kwamfutar, a gefe kuma in nemi ranar gwajin giyar hannu, tunda a Kaduna da ita na koya ba za ta gagare ni ba. Kawu, in ranar babbar motar ta riga fitowa, in ɗaga ta in jira ko in shiga kawai?

Kawu Mai Daf:
Ka bari ranakun su fito tukuna ɗana, sai ka kira ni mu duba tazarar da ke tsakani. Akwai tsohuwar Golf mai giyar hannu a ƙofar gidana, ka sa inshorar koyo a kanta ka zo ranar Lahadi bayan la'asar mu zaga.