Hilux ɗina mai injin 3L na tafasa a hawan Jos: in buɗe tof (kan inji) ko in sauya lagireto?

Abban Sadiq, Yelwa: Assalamu alaikum jama'a. Tsohuwar Hilux ce mai shan gas, injin 3L. A cikin garin Bauchi lafiya lau, ko a cunkoson Wunti allurar zafi ba ta wuce rabi. Amma in na ɗora kaya na nufi Jos, da na wuce Magama Gumau aka fara hawa sai allura ta tasam ma ja, ruwa ya riƙa tuttuɗowa ta robar ajiya. Baƙin mai bai canza kala ba, babu farin hayaƙi. Wanda na saya a hannunsa ya riga ya cire tamostat, abin da ke tare ruwa har sai inji ya dumama. Bakanike ɗaya ya ce tof gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof da jikin inji, a buɗe. Wani ya ce lagireto. Kuɗin aiki ɗaya gare ni, kuma ina da lodin masara ranar Asabar. Wanne zan yi?

Ɗan Wunti: Wa alaikumus salam. A cire tamostat kawai, na ƙasar sanyi ne.

Abban Sadiq, Yelwa: Malam ai na ce babu shi.

Usta Garba mai gas: Alhaji, kada ka bari a kwance ko noti ɗaya sai an yi gwajin da ba ya cin ko sisi. Da safe inji na sanyi, buɗe murfin lagireto, cika ruwa har wuya, ka tayar, wani ya ɗan taka totur. In kumfa na tasowa a jere ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce ke shiga ruwa, ko gaskit ko tof ya tsage. Ɗaya biyu da farko ba komai, iskar da ta maƙale ce. Na biyu, rufe murfin, ka sake tayarwa ka matsa tiyon sama. In ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu alhali bai yi zafi ba, maganar ɗaya ce. Tsabtar baƙin mai ba shaida ba ce, gaskit kan ƙone tsakanin silinda da hanyar ruwa bai taɓa hanyar mai ba.

In babu kumfa, dumama motar, ka kashe, ka shafa fuskar lagireto daga sama zuwa ƙasa. Duk inda ka ji sanyi a tsakiya, bututun wurin ya toshe.

Injiniya Kabir: Ƙari a kan na Usta. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a kan gudu, fanka ake tuhuma. Wadda ke lafiya a gari ta yi zafi in inji ya ɗau nauyi, ruwan ne ba ya sauke zafi yadda ya kamata. Na fi zargin lagireto. Sannan a duba murfi, abin da kowa ke rainawa. Mai riƙe matsi 0.9 bar ake sa wa wannan motar. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma da murfi mai kyau sai ya kusa 118 bai tafasa ba. Robar murfin ta mutu, ga Jos ta fi Bauchi tudu da kusan mita 600, dole ya yi amai.

Usta Garba mai gas: Injiniya, ban cire fanka ba. Mai hawa da lodi a giya biyu inji na ihu ne amma mota ba ta gudu, iskar hanya ba ta isa. Fankar 3L mai kuloci ce, man silikon ne a ciki. Alhaji, in inji ya yi zafi sosai ka kashe, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta walawala, man ya ƙare. Ana buɗewa a ƙara. Kuma ka duba ko gidan fankar na nan, yara kan cire su jefar.

Mai Shayi Ba Bashi: Alhaji ka kawo ta tashar Muda Lawal da asuba, tukunyata ta fashe. Ruwan zafi kyauta, riba mu raba.

Baba Sale Railway: Ku bar raha, ku ji abin da ke kwance a garejina yanzu, Hiace ce mai irin wannan injin. Mai ita bawan Allah ne, da ita yake ci da iyali. An ce masa gaskit. Aka buɗe tof a gindin bishiya, aka goge shi da samfefa a kan siminti, aka sa gaskit na kwali mai kyau cikin banza, aka ɗaure notuna da bututu a bakin sifana, kowa na gwada ƙarfinsa. Bai kai Alkaleri ba ta sake tafasa, yaron mota ya buɗe murfi ya ƙone hannu, ya kuma antaya ruwan sanyi a inji mai zafi. Da aka jawo ta na buɗe, tof ya tsage tsakanin bawul da bawul a silinda biyu. Lagireton da ba wanda ya kalla, rabinsa a toshe da farar ƙasar ruwan rijiya. Tun farko shi ne ciwon.

Baba Sale Railway: Kuma gaskit ɗin 3L ba ɗaya ba ne. Kauri uku ne, B da D da F, ana zaɓa ne bayan an auna yadda fistin ke leƙowa saman bulok. Notunan tof 18 ne, daga tsakiya ake farawa a fita waje, da tok renci, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a kai 78 Nm, sannan kwana 90, a sake zagayowa da wani 90. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan tof a zura fila geji, ma'aunin tazara, in ya wuce milimita 0.15 ya lanƙwashe. Wa ya yi masa ko ɗaya? Yanzu mutumin nan ya sayar da akuyoyin matarsa, wanda ya sayar masa da gaskit ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa, wanda ya ɗaura ya kashe waya.

Hajiya Maman Iman: Innalillahi. Allah ya mayar masa da alheri. Baba, wannan zalunci ne.

Baba Sale Railway: Amin, 'yata. Ban ma faɗi rabin abin ba. Har tamin bel sun mayar da tsohon, ya jiƙe da mai.

Ɗan Wunti: Shi ya sa na ce inji baljiyam ya fi. Miliyan ɗaya da rabi ka huta.

Sani Fas: Wace shekarar? Babu 3L mai lafiya ƙasa da miliyan biyu da ɗari uku, je Ƙofar Ruwa ka tambaya. Lagireto mai layi biyu na tagulla ina bayarwa dubu 140, gaskit na asali dubu 45.

Auwalu Direba: Dubu 85 ake sayar da lagireton a Jos. Gaskit kuma dubu 15.

Sani Fas: Na roba da alminiyam kake faɗa, mai layi ɗaya. Gaskit na dubu 15 kuwa shi ne wanda Baba ya gama ba da labari.

Auwalu Direba: Kai mai shago ne, dole ka ce haka. Alhaji, ɗaure fankar dairek da noti, magana ta ƙare. Duk motocin layin Gombe haka suke.

Injiniya Kabir: Za ta huce, amma fankar a kan famfon ruwa take zaune. Ka ɗaure ta, boris ɗin famfon ne zai biya, ga ƙara, ga shan mai, fiffiken roba kuma kan tsinke ya huda lagireto. Tamostat ma a mayar. Na digiri 82 ake samu, a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta a ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa. In babu shi inji na daɗewa bai dumama ba da safe, musamman da hunturu, silinda na ci.

Auwalu Direba: Injiniyan takarda. Ka taɓa hawa Tilden Fulani da buhu ashirin?

Injiniya Kabir: Malam Auwalu, tuƙi daban, gyara daban.

Usta Garba mai gas: Ku yi haƙuri da juna. Auwalu ya san hanya, amma kan fanka Injiniya ya fi shi gaskiya. Alhaji, in an tabbatar lagireto ne, ba lallai sabo ba. In na tagulla ne, mai lagireto zai cire tankin sama ya zura tsinken ƙarfe a kowane bututu, ya mayar da dalma. Zuba omo a bari ya kwana ba ya fitar da wannan farar ƙasar. A wanke tsakanin kwandensar AC da lagireto daga baya zuwa gaba, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi na taruwa nan. Tiyon ƙasa a duba shi inji na kan totur, in ya tsufa yakan shanye ya manne, ruwa ya yanke. Fambel biyun nan a danna da yatsa, kada su yi sako-sako.

Mai Shayi Ba Bashi: Ba wanda ya ambaci zuba ƙwai da garin barkono a lagireto? Ashe zamani ya canza.

Baba Sale Railway: Kai yaro, ƙwan nan ya kashe lagireto fiye da hatsari.

Abban Sadiq, Yelwa: Na gode ƙwarai. Na gwada, na ga kumfa kaɗan sai ta tsaya, bayan ɗan lokaci ta dawo. Wannan a wane ɓangare yake?

Hajiya Maman Iman: Ni tambayata ruwan lagireto na galan. Direbana ya sayo kore, kwana kaɗan ya koma ruwan kasa.

Sani Fas: Hajiya, yawancin na bakin titi ruwa ne da kala. Na gaske yana da santsi a yatsa. Mota irin ta Alhaji na cin wajen lita tara zuwa goma, rabi shi rabi ruwa mai tsabta, ba na burtsatse ba.

Ɗan Wunti: Ruwan kala ai da sauƙi. Gas ɗin da ake sayar mana fa? Ana haɗa shi da kananzir da wani baƙin abu, nozul ya lalace, mota ta yi ta hayaƙi tana zafi, a ce laifin bakanike ne.

Usta Garba mai gas: Wannan gaskiya ne, nozul mai ɗiga na ƙara zafi a hawa, har fistin yakan huda. Duk wanda ya sha a jarka ya zuba kaɗan a farar kwalba ya ajiye, ruwa da dauɗa za su kwanta ƙasa.

Auwalu Direba: Jarka kawai? Wani gidan man ma lita goma za ka biya a ba ka takwas.

Sani Fas: Takwas? Ka yi sa'a.

Abban Sadiq, Yelwa: Usta, maganar kumfar fa?

Auwalu Direba: Nawa kuka sha gas yau a hanyar Dass? An ce ya sake tashi.