Bajin Alhamis da Lahadi kaɗai na samu a Comic-Con na San Diego, yaya zan yi da su?

Mai_Alƙalami:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa Comic-Con na San Diego, babban taron littattafan zane da fina-finai da ake yi duk shekara a Amurka. Na shiga rajistar sayen baji, wato katin shiga na kowace rana, wadda ake buɗe wa kowa da kowa, na zauna ina kallon kwamfuta har ƙuri'a ta faɗo kaina, amma kafin nan Juma'a da Asabar sun ƙare, daren Laraba na share fage ma babu. Alhamis da Lahadi suka rage, na saye su nan take. Yanzu wani abokina yana ce mini wai ragowa na kwaso, duk abin kirki ranar Asabar ake yin sa.

Ni mai zane ne, ba ƙwararre ba, amma na daɗe ina zana labaraina. Buri biyu gare ni. Na farko, in shiga Zauren H ɗin nan da ake ta magana, babban zauren da taurarin fim ke tallata sababbin ayyukansu, ko sau ɗaya, in gani da idona. Na biyu, in sami wani edita ko babban mai zane ya duba shafukana ya gaya mini gaskiya. Shin kwana biyun nan za su ɗauki duka biyun? Kuma Juma'a da Asabar da ba ni da baji, zaman otal zan yi?

Tsohon_Layi:

Wa'alaikumus salam Malam Mai Alƙalami. Ka ce wa abokinka ya kwantar da hankalinsa. Asabar ita ce ranar da manyan kamfanonin fim suka fi baje kolinsu, shi ya sa bajin ranar ke fara ƙarewa, amma kai da ka ce zane ya kai ka, ba ka yi asarar komai ba. Alhamis ma ta fi maka, don masu zane ba su gaji ba tukuna, muryarsu ba ta dishe ba, kuma jerin masu neman a yi musu zane bai cika ba.

Bari in fara da Zauren H, don shi ne ke cinye wa baƙi kwanakinsu. Zauren yana ɗaukar mutum kusan 6,500. Taron kuwa mutum sama da 130,000 ke zuwa. Ka yi lissafin da kanka. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ba a fitar da mutane tsakanin zama da zama. Wanda ya sami kujera da safe yana iya zama har dare, kuma da yawa haka suke yi: abin da suke jira sai yamma za a yi shi, amma tun safe sun kafe a ciki, suna hamma a kan zaman da bai dame su ba. Kai da ke waje sai wani ya tashi ya fita sannan ka shiga.

Saboda haka layin gobe yau ake kafa shi. Mutane na jeruwa a bayan ginin taron, ta gefen ruwa, da yamma ko da dare a zo a raba wata 'yar ɗamara da ake ɗaura wa a wuyan hannu, wadda ke ba ka damar shiga zaman farko na washegari. Dole ka kasance a wurin da kanka da bajinka, ba a karɓar wa wani. In ka samu kana iya tafiya ka ɗan runtsa, amma ka dawo da sassafe kafin lokacin da suka gindaya. Kada watan Yuli ya ruɗe ka: da rana akwai rana mai ƙuna, da dare kuwa iskar teku na kaɗawa, za ka ga ƙato ya naɗe cikin bargo yana rawar ɗari.

To me ake samu a ciki? Gaskiya akwai daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Mutum dubu shida su yi ihu lokaci guda, kujerarka har girgiza take. Waɗanda suka kasance ciki a 2024 lokacin da ɗan wasan fim Robert Downey Jr. ya cire abin rufe fuska aka gane shi zai fito a Doctor Doom, mugun nan na labaran kamfanin Marvel, har yau ba su daina ba da labari ba. Sai dai labarin ya zaga duniya cikin mintuna, wanda ke kwance a gida ya ji shi kusan tare da wanda ya kwana a kan siminti. In kuma kujerarka ta baya ce, majigi za ka kalla, taurarin kansu 'yan ɗigo ne can nesa.

Shawarata, Alhamis ɗinka kada ka kusanci Zauren H. Da an buɗe babban filin baje koli da ƙarfe 9:30, ka wuce rumfunan manyan kamfanoni da hayaniyarsu, ka nufi ƙarshen ginin inda suke kira Artists' Alley, wato lungun masu zane. Teburori ne ƙanana a jere, kowane da mutum ɗaya ko biyu, da tarin shafuka a gabansu. Nan za ka ga wanda ka shekara goma kana ganin sunansa a bangon littafi yana zaune yana fere fensir. Ka tsaya ka duba ainihin shafin da ya zana da hannu. Takardar ta fi ta littafin girma sosai, za ka ga shuɗin fensir a ƙarƙashin tawada, ka ga inda ya shafa farin fenti ya gyara hannun da ya karkace, ka ga ɗan rubutun da ya bar wa mai sa kala a gefe. Wannan ba ya fitowa a bugu, kuma ga mai zane ya fi darasin wata guda.

Mutane na mantawa da nan taron ya faro. A 1970 aka fara shi, a otal ɗin U.S. Grant, mutum wajen 300, su Shel Dorf suka haɗa, shahararren mai zane Jack Kirby na cikin baƙin. Sai 1991 ya koma wannan katafaren ginin. Holiwud daga baya ta shigo ta mamaye gaban gida, masu zane suka koma lungu. Ko kyautar Eisner da ake bayarwa daren Juma'a, wadda ita ce babbar kyautar littattafan zane a Amurka, ba ta samun rabin surutun da tallan fim ɗaya ke samu. Wannan abu yana ci mini rai, amma bari in bar shi nan.

Zauren H kuma ka gwada shi ranar Lahadi, bayan zaman farko ya watse. Sau da yawa layin ranar ya fi sauƙi, ko da yake ya danganta da wanda aka sa a jadawali. A 2025 ranar Lahadi George Lucas, wanda ya ƙirƙiri fim ɗin Star Wars, ya hau dandalin, karo na farko a tarihin taron, ka ga kuwa ranar babu zancen sauƙi. Jadawalin yana fitowa kamar mako biyu kafin taron, ka duba shi sannan ka yanke.

Uwar_Ɗinki:

Yaya Tsohon Layi, ka faɗi gaskiya amma ka rage wa layin daraja da yawa. Ni a layin nan na sami ƙawayen da har yau muke tare. Dare guda kuna zaune, wannan ya tsare maka wuri ka je ka dawo, wancan ya ara maka caja, kafin asuba kun san tarihin juna. Wanda ya ce fim ɗin kawai ake jira bai kwana a wurin ba. Amma na yarda, mai kwana biyu kacal bai kamata ya ba da ɗaya ga layi ba.

Ƙanina, Juma'a da Asabar kada ka zauna a otal. Tsallaka titi daga ginin taron akwai unguwar Gaslamp, da filin da ke kusa da filin wasa na Petco Park, duk kamfanoni sun kafa wuraren nishaɗi, da yawa ba sa tambayar baji. Su ma akwai layi, wani har ya fi na ciki tsawo, ka zaɓi ɗaya ko biyu ka bar sauran. Akwai kuma gidan tarihin Comic-Con a Balboa Park, shi tikitinsa daban. Asabar ita ce ranar da masu shigar kwaikwayo suka fi fitowa, saboda da daddare ake gasar kaya a zauren Ballroom 20, kuma a bakin ginin da kan matakala za ka gan su kyauta.

Abu ɗaya nake roƙonka a matsayina na mai ɗinka irin kayan nan: ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, kuma kada ka taɓa. Fiffiken da ka gani kamar ƙarfe, soso ne da gam da fenti, wata ta yi watanni tana haɗa shi, hannu ɗaya zai ɓalle shi. In ka ga mutum ya cire hular kayansa ya zauna a ƙasa yana shan ruwa, hutawa yake, ka ƙyale shi. In kuma kai ma za ka riƙe takobi ko bindigar wasa, sai jami'an tsaro sun duba sun ɗaura mata alama kafin ka shiga da ita.

Edita_Mai_Ritaya:

Maganar nuna zane zan taɓa, tunda na zauna a ɗaya gefen teburin.

Akwai wurin duba aikin masu tasowa a bene na sama, a Sails Pavilion, inda kuma ake layin sa hannu. Kamfanoni na zuwa a lokutan da aka tsara, ka rubuta sunanka ka jira. Ba tabbas a kira ka, kuma ba kowane kamfani ke neman irin aikinka ba, wani masu zanen katun na talabijin yake nema, wani na wasannin bidiyo. Ka karanta abin da kowanne ya ce yana so kafin ka ɓata awa biyu.

Abin da ke kayar da yawancin yara shi ne su cika jaka da hoton jarumi ɗaya tsaye ya dunƙule hannu. Wannan kowa ya iya. Edita so yake ya ga ko za ka iya ba da labari. Kawo shafuka a jere, kamar shida zuwa goma, ka cire maganganun, a ga ko za a gane abin da ke faruwa ba tare da rubutu ba. Kuma ka sa abubuwan da masu zane ke gudu: mutum biyu na hira a cikin mota, tsohuwa na hawa bene, ɗaki da kujeru da taga a inda ya dace, kare, doki in ka isa. Mafi kyawun shafinka ya zo farko. Wanda kake shakka a kansa ka bar shi a gida, don idon edita kansa zai fara sauka.

Idan ana duba maka, ka yi shiru. Kada ka ce "ai ban gama wannan ba" ko "sauri na yi". Ka riƙe biro ka rubuta abin da aka ce. Wanda ya ce maka "ya yi kyau, ci gaba da ƙoƙari" sallamarka ya yi. Wanda ya ɗauko takarda ya ɗora kan shafinka ya sake zana kafaɗar, shi ne ya ɗauke ka da muhimmanci. Ka tanadi kwafi mai ɗauke da sunanka da adireshin imel a kowane shafi, don shafuka na rabuwa a jakar edita.

A lungun masu zane ma ana dubawa, amma da ladabi. Teburin nan kasuwarsu ce. Ka jira sai babu mai saye, ka tambaya ko suna da minti biyar, in sun ce a'a ka yi godiya ka wuce. In ka sayi ɗan ƙaramin abu tukuna, bakin ya fi buɗewa.

Mai_Alƙalami:

Kai, Allah ya saka da alheri. Baba Edita, maganar doki ta sa na yi dariya, don rabona da zana doki tun ina makaranta. Zan zauna in yi shafukan hira a mota. Anti Uwar Ɗinki, na ji, ba zan taɓa fiffiken kowa ba.

Saura abu biyu. Otal ɗin da ke kusa duk sun fi ƙarfina, na sami ɗaya a unguwar Mission Valley, ban sani ba ko ya yi nisa. Sannan wani ya yi mini tayin bajinsa na Asabar, wai ba zai samu zuwa ba. In karɓa?

Tsohon_Layi:

Kada ka karɓa. Bajin da sunan mai shi yake, akwai na'ura a jikinsa da ake dangwalawa a ƙofa wajen shiga da fita, kuma suna iya neman katin shaida. In aka kama, za a ƙwace shi, shi mai bajin kuma yana iya rasa damar saye nan gaba. Ga wani abu da ba ka lura ba: in ka halarta bana, kana da damar shiga rajistar waɗanda suka halarci taron da ya gabata, wadda ake yi kafin ta kowa da kowa. Ƙuri'a biyu ke nan gare ka don Asabar ta baɗi. Ka haɗa kai da mutum biyu amintattu, don duk wanda ya fara shiga yana iya saya wa mutum uku har da kansa.

Mission Valley ba matsala. Jirgin cikin gari yana bi ta can ya sauke ka daf da ginin, akwai kuma motocin taron na kyauta da ke zagaya wasu otal-otal, ka duba ko naka na kan hanyarsu. Illarsa ɗaya, ba za ka iya komawa ɗaki da rana ka ajiye kaya ba, don haka ka yi amfani da wurin ajiyar jaka na cikin ginin, ka kuma sayi kwalin naɗe fosta ko faifan roba mai tauri don zanen da za ka saya, in ba haka ba cunkoso zai murƙushe shi. Takalmin da ka saba da shi za ka sa, ba sabo ba. Ka riƙe gorar ruwa da batirin caji, da 'yan daloli a hannu, don intanet na yawan tsayawa in jama'a sun cika, na'urar karɓar kati ta ƙi aiki. Ranar Lahadi ƙarfe 5 ake rufewa, ba 7 ba kamar sauran ranaku, kuma wajen ƙarfe 3 wasu 'yan kasuwa ke fara rage farashi don kada su koma da kaya. In akwai littafin da ka gani ranar Alhamis ka ji tsada, rubuta lambar rumfar, ka koma a lokacin.